Me ya sa su suka zo, ba mu muka je ba?

Malam Kabir, Ƙofar Sauri:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Na zo da wata tambaya da ta hana ni sakat tun ranar Talata. Ina koya wa 'yan aji biyar na sakandare yadda Turawa suka ci ƙasar Hausa: Kano a watan Fabrairun 1903, Sakkwato a Maris, sannan Burmi a Yuli, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada. Sai wata yarinya da ba ta cika magana a aji ba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, me ya sa su suka zo suka ci mu, ba mu muka je muka ci su ba?" Na ce mata sun fi mu makamai. Ta ce, "To me ya sa makaman suke hannunsu, ba hannunmu ba?" Kafin in haɗa amsa aka kaɗa ƙararrawa.

Abin da ya fi ci mani rai shi ne wani yaro daga bayan aji ya ce ai Bature ya fi mu ƙwaƙwalwa ne kawai, kuma ba wanda ya musa mashi. Ni ban yarda da wannan ba ko kaɗan. Garin nan namu na Katsina ne ya haifi Muhammadu al-Kashinawi, wanda ya rubuta littafi kan lissafin hatimi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741. Garin Ɗan Marina ne da Ɗan Masani. Amma rashin yarda ba amsa ba ce. Ranar Litinin zan koma ajin nan, kuma ba na son in shiga hannu rabbana. Ku taimaka mani.

Abdulhadi:
Wa alaikumus salam Malam. Amsar ai a fili take: fashi aka yi mana. Sama da mutum miliyan 12 aka loda a jiragen ruwa aka ƙetare tekun Atalantika da su, kuma ba tsofaffi aka ɗiba ba, majiya ƙarfi aka ɗiba. A 1884 zuwa 1885 suka zauna a Balin suka tsara yadda za su raba nahiyar ba tare da ɗan Afirka ko ɗaya a teburin ba. A 1890 suka sake zama a Burasal suka taƙaita sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani. Ka ɗaure mutum hannu da ƙafa, sannan ka tambaye shi me ya sa bai yi gudu ba? Ka faɗa wa yarinyar haka.

Malam Kabir, Ƙofar Sauri:
Duk abin da ka faɗa gaskiya ne Abdulhadi, kuma ina koyar da shi. Amma ba shi ta tambaya ba. Ɗan fashin da ya tare ka da bindiga, a ina ya samo bindigar? Jirgin da aka loda bayin a ciki, me ya sa a Lisbon da Libaful aka ƙera shi? Yarinyar baya take son a koma da ita.

Dakta Hadiza:
Malam Kabir, bari in sa baki daga fannina, tunda aikin dabbobi nake yi. In ana son komawa baya, to sai an koma gona da garke.

Noma bai fara lokaci ɗaya a duniya ba. Alkama da sha'ir an fara noma su a yankin Iraƙi, Sham da kudancin Turkiyya sama da shekara 10,000 da suka wuce. A wannan yankin dai aka mayar da tumaki, awaki da shanu dabbobin gida. Geronmu, wanda kakanninmu na Sahel suka mayar abin shuka, shaidarsa mafi tsufa da aka tono a arewacin Mali ta kai kimanin shekara 4,500. Dawa a gabashin Sudan ta ɗan girme shi. Ba lalaci ya jawo wannan tazarar ba. Lokacin da waɗancan ke shuka alkama, Sahara ba hamada ba ce, tafkuna ne da ciyawa da namun daji. Kwalekwalen Dufuna da aka gano a Yobe a 1987 ya kai shekara 8,000. Mutumin da kifi da nama da nonon shanu suka wadata, me zai kai shi sunkuyo a gona? Sai da ƙasa ta fara bushewa aka koma ga gero. To wanda ya riga ka kwana ai zai riga ka tashi. Rumbu ne ke ciyar da maƙeri da malami da sojan da ba su noma, kuma wasu sun riga wasu cika rumbu da dubban shekaru.

Sannan alkama ta yi sa'ar hanya. Daga Iraƙi ka yi gabas zuwa Indiya ko yamma zuwa Andalus, yanayin damina da sanyi bai bambanta ƙwarai ba, iri yana tafiya ya kama. Mu kuwa daga Katsina ka gangara kudu, kafin ka kai teku ka ratsa ƙasar gero, ƙasar dawa, ƙasar doya, kowace da ruwanta. Geron Jibiya ba zai yi a Fatakwal ba, doyar Zaki Biyam ba za ta yi a Mai'aduwa ba.

Babban abin kuma shi ne ƙudan tsando. Shi ke ɗauke da sammore, kuma sammore na kashe doki da sa da raƙumi. Yanki mai faɗin gaske na Afirka, ba ka isa ka riƙe dabbar da za ta ja maka garma ko amalanke ba. Komai sai a ka, ko a kafaɗa. Ku duba inda dawakin masu jihadi suka tsaya: bakin kurmi. A Oshogbo, wajen 1840, mayaƙan Ibadan suka mayar da na Ilori baya. Yawancin namun dajinmu kuwa ba su horuwa. Jaki an hore shi a Afirka, zabo ma namu ne, amma jakin dawa har yau ba a iya mayar da shi dabbar gida ba.

Injiniya Nura:
Dakta, da girmamawa, akwai rami a maganarki. Nan Katsina babu tsando. Muna da shanu, muna da dawaki, muna da maƙera. Me ya hana mu garmar shanu har sai da Turawa suka kawo ta?

Dakta Hadiza:
Tambaya ce mai kyau. Ka je ka dubi bijimi a watan Mayu, ƙarshen rani, lokacin da ake buƙatar ya ja garma. Ƙashi ne da fata. Daminarmu wata huɗu ce, ƙasarmu jigawa ce da fartanya ke shiga ba wahala, fili kuma a wancan zamanin ya fi mutane yawa, in gona ta gaji a bar ta a share wata. Ga shi mai shanun daban, mai gonar daban: Bafulatani na tafiya da garkensa, Bahaushe na zaune. Garma tana biyan kuɗinta ne inda ƙasa ke da nauyi, fili ya yi ƙaranci, kuma sa da gona na hannun mutum guda. A tsaunukan Habasha haka abin yake, babu tsando, kuma sun yi dubban shekaru suna huɗa da shanu. Su ne kuma suka kori Italiya a Adwa a 1896. Ban ce garma ce ta ci yaƙin ba, amma daular da ke iya tara dubban mayaƙa ta ciyar da su, ta sayo masu bindigogi, daga rumbu take farawa.

Alhaji Mamman, 'Yar Kutungu:
Sannunku yara. Jikana ne ke rubuta mani, ni ina faɗa. Dakta Allah shi yi maki albarka, maganar bijimin rani gaskiya ce, na gani da idona a gonar mahaifina.

Amma ni ɗan kasuwa ne, jikan fatake, kuma abin da na sani shi ne gari hanya ce. Ba sai kun je Turai ba, ku tsaya tsakanin Katsina da Kano. Akwai zamanin da ayarin da ya taso daga Tarabulus, ya biyo Gadamas da Gat da Agadas, nan yake sauke kaya. Larabawa na da unguwa a garin nan, Wangarawa na da tasu. Malamai na bin fatake, littattafai na bin malamai. Shehu Magili ya zo ƙasar nan a ƙarshen ƙarni na 15 ta wannan hanyar. Hasumiyar Gobarau ba a banza ta tashi ba. Sai aka yi jihadi, Ummarun Dallaje ya hau, Haɓe suka koma Maraɗi, aka shiga kai hari da ramuwa shekara da shekaru. Falke ba ya son hanyar da ake tare shi. Ayari ya karkata Kano. Lokacin da Baturen Jamus ɗin nan Barth ya zo a 1851, ya tarar da ganuwa mai faɗi amma yawancin cikinta fili ne da gonaki. Ya ƙiyasta mutanen garin ba su wuce dubu 8 ba, na Kano kuwa dubu 30. Shin Katsinawa sun wayi gari ƙwaƙwalwarsu ta ragu ne? Jini ɗaya, harshe ɗaya, addini ɗaya. Hanya ce ta kauce.

Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 sai aka ƙarasa. Raƙumi zai yi wata biyu ko uku yana ratsa Sahara da mangala biyu, jirgi kuwa ya kwashi kayan ayari guda ya kai Ikko cikin 'yan kwanaki. Gyaɗa ta zama dala a Kano, Agadas da Gat suka koma labari.

To abin da ya sami Katsina a hannun Kano shi ya sami ƙasar Hausa duka a hannun teku. Mu ƙofarmu arewa take kallo. Ranar da mutanen Fotugal suka zagayo ta ruwa, suka gina gidansu a Elmina a 1482, sai ƙofar gida ta koma bayan gida. Kuma ku tuna ba mu da kogin da jirgi ke bi. Kwara ma tana da duwatsu a Busa, nan Mungo Park ya halaka a 1806. Kaya a ruwa ya fi kaya a bayan dabba arha nesa ba kusa ba, kowane ɗan kasuwa ya san wannan.

Malam Kabir, Ƙofar Sauri:
Allah shi ƙara lafiya Baba. Wallahi ban taɓa haɗa labarin Katsina da Kano da wannan tambayar ba, alhali kullum ina wucewa ta gindin ganuwar.

Malam Bishir:
Assalamu alaikum. Ina ta karantawa ina jiran wani ya ambaci Mai kowa Mai komai. Allah Ya ce a suratu Ali Imrana waɗannan kwanaki Yana jujjuya su a tsakanin mutane. Akwai ranar da Bagadaza da Ƙurɗuba ke da ɗakunan karatu da asibitoci, Turawa na zuwa Andalus neman ilimi. A 1258 Mongol suka shiga Bagadaza suka rusa ta. Mansa Musa da ya bi ta Masar a 1324, zinarin da ya rabar sai da ya karya darajar zinari a Alƙahira. Ina daular Mali yau? Ku gaya wa yarinyar nan duniya juyi-juyi ce, kuma 1903 rana ɗaya ce cikin ranakun.

Injiniya Nura:
Allah shi gafarta Malam, ba wanda ya musa ƙaddara. Amma in muka tsaya nan, yaran za su ji kamar an ce masu su naɗe hannu.

Malam Bishir:
A'a ƙanena, ba ka bar ni na ƙarasa ba. Wanda Ya ƙaddara Shi ne Ya sanya sababi, kuma Shi ne Ya ce a suratur Ra'adi ba Ya canza abin da ke ga mutane sai sun canza abin da ke ga kawunansu. Bincike kan sababi aikin malamanmu ne tun kafin Turawa su fara. Ibn Khaldun ya rubuta Muƙaddima a 1377, kuma tambayar yarinyar nan ce ya zauna a kanta. Ya ce mutanen da wahala ta haɗa kansu, abin da ya kira asabiyya, su ke kafa mulki. In sun zauna a birni suka ji daɗi, jikoki su taso ba su san wahalar ba, haraji ya yi nauyi, talaka ya daina noma da kasuwanci don ya san za a ƙwace, sai wasu masu haɗin kai su zo su ture su. Ya ce zalunci ke rusa gari. Ku karanta abin da Shehu Usmanu ya zargi sarakunan Haɓe da shi, sannan ku karanta kukan da Abdullahin Gwandu ya yi kan wasu daga cikin mutanen jihadin kansu tun ba a je ko'ina ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Shekara goma kafin Gwamna Lugga ya iso, Kano na cikin yaƙin basasar Tukur da Yusufawa.

Injiniya Nura:
To yanzu mun haɗu Malam. Abin da nake so in ce ke nan ga Dakta da Baba. Ƙasa da yanayi ba su isa bayani ba. Koriya ƙasa ɗaya ce, mutane ɗaya, aka raba ta a 1945. Ta kudu yau ita ke ƙera wayoyin Samsung da ke hannun rabin mutanen zauren nan, ta arewa kuwa ta yi fama da yunwa a shekarun 1990. Ba tsando ba ne ya raba su. Japan ta ga jiragen yaƙin Amurka a bakin ruwanta a 1853, a 1868 ta sauya tsarin mulkinta, ta tura 'ya'yanta koyon ƙira da aikin soja, a 1905 ta doke Rasha. Sin kuwa tana da manyan jiragen ruwa da suka kai gaɓar Afirka ta gabas tsakanin 1405 da 1433, kafin Fotugal ta san hanyar. Fada ta yanke shawarar a daina, aka daina. A Turai da sarki ɗaya ya ƙi Kolumbus, matuƙin jirgin ruwan da ya isa nahiyar Amurka, sai ya tafi wurin wani, saboda sarakunan da yawa ne kuma suna gasa. Shawarar masu mulki ce ke ɗaga al'umma ko ta kwantar da ita.

Dakta Hadiza:
Injiniya, Japan ɗin da ka kawo, kafin 1853 tana da shinkafar da ke ciyar da mutum sama da miliyan 25, tana da birane, tana da masu karatu da yawa. Shawara mai kyau sai da abin aiwatar da ita. Ni ban ce ƙasa ce ke yanke hukunci ba. Na ce ita ke raba jari, kuma ba ta raba daidai ba.

Akwai ma wani gefen da ban faɗa ba, inda ƙasar tamu ta tsare mu. Mutanen nahiyar Amurka ba su da doki, ba su da shanu, ba su taɓa haɗuwa da agana ko ƙyanda ba. Pizaro, Baturen Sifaniya, da mutum 168 ya kama sarkin daular Inka a 1532, cuta kuma ta share jama'a fiye da yadda takobi ya yi. Mu kuwa Turawa sun yi kusan shekara 400 a bakin teku ba su iya shigowa ba, zazzaɓin cizon sauro na kashe su. Sai da aka tace kwinin, maganin zazzaɓin, a 1820, kuma Baturen nan Baikie ya shigo Kwara da Binuwai a 1854 yana ba mutanensa shi ba wanda ya mutu, sannan ƙofa ta buɗe.

Sagir Maƙera, Daura:
Salamu alaikum. Ni ba ɗan boko ba ne sosai, sakandare na tsaya, amma tunda maganar makami ce ina da abin faɗa, don gidanmu ƙira muka gada. Ƙarfe ba Bature ne ya kawo mana shi ba. Mutanen Nok suna narka shi a Taruga fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Kakana ya ga ana haƙo tama a narka ta a fitar da ƙarfe, da gawayi da zugazugi. Mahaifina bai gani ba, labari ya ji. Ni kuwa da sifirin ɗin mota da guntun ƙarfen bola nake aiki. Da ƙarfen Turawa ya cika kasuwa da arha, ba wanda ya sake wahalar narka tama, kuma cikin tsara biyu ilimin ya tafi.

Abin da ke damuna shi ne yadda ya tafi ba a bar ko takarda ɗaya ba. A gidan maƙera sirri ne. Uba ba ya faɗa wa ɗan wani, wani lokacin ko nasa ɗan sai ya ga ya kusa mutuwa. In ajali ya riga shi, shi ke nan. Haka marina, haka majema, haka masu magani. Malamai suna da alƙalami amma ba su rubuta yadda ake ƙira ba, mu muna da masaba amma ba mu da alƙalami. Bindiga kuwa maƙeranmu sun iya gyara ta, har sun ƙera ta toka. Mai Idris Aloma na Barno yana da 'yan bindiga tun ƙarni na 16. Amma wadda aka ƙera da hannu ɗaya bayan ɗaya ba za ta tsaya gaban wadda inji ke fitarwa ba.

Malama Rabi:
Malam Sagir, ka taɓo inda ke yi mani ƙaiƙayi. Ina cikin masu taimakawa wajen adana tsofaffin littattafan gidanmu a Masanawa. In ka ɗaga takardar ka duba ta a haske, za ka ga alamar jinjirin wata uku. Daga Italiya aka yi ta, ta ƙetare teku, ta hau raƙumi, ta iso nan. Ka yi tunanin tsadarta. Shi ya sa almajiri ke rubutu a allo ya wanke. Littafi guda sai mai kwafi ya yi watanni a kansa. A Jamus kuwa Gutenberg ya haɗa injin ɗab'i wajen 1450, kafin shekarar 1500 littattafan da aka buga a Turai sun kai miliyoyi. Musulmin Daular Usmaniyya ta Turkiyya ba su fara buga littafi da haruffan Larabci ba sai 1729. Mu jaridarmu ta Gaskiya Ta Fi Kwabo sai 1939. In wani ya gano abu a Landan, cikin shekara an karanta a Faris an ɗora a kai. In al-Kashinawi ya gano abu, sai wanda ya yi tattaki ya je ya zauna gabansa.

Kuma takardar ma ba Turawa suka ƙirƙiro ta ba, daga Sin ta fito ta biyo ta Samarƙand da Bagadaza. Albarushi daga Sin. Lambobin lissafi da sifiri daga Indiya ta hannun Larabawa. Su sun zauna ne a inda duk waɗannan suka taru.

Abdulhadi:
Ina jin ku duka, amma ina ganin ana wanke Turawa a zauren nan. Audugar da ta ciyar da masaƙun Mancesta, bayi ne suka noma ta a kudancin Amurka. Sukarin Jamaika haka. Injin ɗin da jinin kakanninmu aka shafa mashi mai.

Malama Rabi:
Ba wanda ya wanke su ƙanena. Amma in za mu faɗi gaskiya mu faɗe ta duka. Waye ya kamo mutanen ya kai su bakin teku? Kuma mu nan, rinji nawa ne a ƙasar Hausa? An kai hari ƙauyuka an kamo mutane, wasu an tura su Sahara, wasu an sa su gandu. Ba a haramta bauta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936. Garin da ke tsoron hari ba ya dasa itace, yana gina ganuwa ne. Kuma mai bayi ɗari ba ya kwana yana tunanin injin da zai rage mashi aiki.

Abdulhadi:
Yaya Rabi, bautar gida da ta Atalantika ba ɗaya ba ce.

Malama Rabi:
Ba ɗaya ba ce, na yarda. Amma ga uwar da aka ɗauke wa ɗa, ban san bambancin da za ka nuna mata ba.

Malam Bishir:
Ku sassauta. Kowannenku na riƙe da gaskiya. Ahmad Baba na Tumbuktu ya yi fatawa kan haramcin bautar da Musulmi 'yantattu, har ya ambaci mutanen Katsina da Kano a cikin waɗanda bai halatta a kama ba. Da ba a yin abin, da bai rubuta ba. Shi kansa an kama shi an kai Marrakush bayan bindigogin Maroko sun karya Songhai a Tondibi a 1591.

Injiniya Nura:
Bari in ƙara abu ɗaya kan injin, don kada a ɗauka Turai ta daɗe a gaba. Tazarar da ta ba su 1903 sabuwa ce. Injin tururin James Watt na 1769 ne. A Ingila ma'aikaci na da tsada, gawayin ƙasa kuwa na da arha kuma yana kusa da ruwa, ramukan haƙarsa na cika da ruwan da sai an zuƙe. Dole ce ta sa suka nemi inji. Bindigar Maxim ta 1884 ce, shekara 19 kacal kafin ta iso ganuwar Kano. A Omdurman ta Sudan a 1898 mutanen Mahadi kusan dubu 10 suka faɗi a wuni ɗaya, waɗanda suka mutu a ɓangaren Ingila kuwa ba su kai 50 ba. Da a ce a 1700 suka zo Katsina da irin bindigar wancan lokacin, ga zazzaɓi, ga dawakinmu da lifidi, ban ga yadda za su kai labari ba.

Malam Kabir, Ƙofar Sauri:
Jama'a na gode, Allah shi saka da alheri. Ga abin da nake shirin yi, ku gyara mani. Ba zan fara da Turawa ba. Zan sa yaran su lissafo abin da suka ci jiya. Masara, rogo, gyaɗa, tumatir, barkono, dankali: duk daga nahiyar Amurka suka zo, ba wanda ya kai shekara 600 a ƙasar nan. Sunan masara ma yana nuna ta inda muka ji labarinta. Kuɗin wurin da kakanninmu suka yi ciniki da shi daga tsibiran tekun Indiya aka kwaso shi. Ina son su gani da kansu cewa duk abin da ya iso mu mun karɓa mun sarrafa shi har ya zama namu, wa zai ce ƙuli-ƙuli baƙo ne? Daga nan sai in tambaye su: me ya iso mu da wuri, me ya makara, me ya tare shi a hanya, kuma wanda ya iso ɗin, wa ya riƙe shi, wa ya bar shi ya salwanta? Hamada, tsando da rashin kogi a gefe guda, yaƙi, bauta da ɓoye sani a ɗaya gefen. Sai in rufe da labarin Baba na Katsina da Kano.

Injiniya Nura:
Ya yi Malam, amma kada ka bar Japan. Ina son su ji cewa akwai waɗanda aka tarar a baya kuma suka cim ma na gaba cikin shekara 40.

Abdulhadi:
Kuma kada ka bar Balin da Burasal.

Malam Kabir, Ƙofar Sauri:
Ba zan bar ko ɗaya ba, sai dai darasin ya ci mako biyu. Malam Sagir, wata alfarma nake nema. In na samu izinin makaranta da na iyaye, za ka yarda in kawo yaran Daura su ga maƙera? Sai mu haɗa da rijiyar Kusugu.

Sagir Maƙera, Daura:
Ƙofa a buɗe take Malam. Akwai ƙanen kakana da ya rage, ya haura 90, idonsa ya tafi amma hankalinsa garau. Yana yaro ya yi wa masu narka tama ɗaukar gawayi, kuma ya san inda tsofaffin ramukan suke, har yanzu kashin ƙarfen na nan a ƙasa. Ku zo da safe, don bayan azahar ba ya iya doguwar magana. Kuma don Allah yaran su zo da littafi da biro.

Malama Rabi:
Zan biyo ku in Allah Ya so, da na'urar ɗaukar murya. Malam Kabir, ka sa yarinyar da ta yi tambayar ta zauna kusa da tsohon.

Sagir Maƙera, Daura:
To ku sanar da ni ranar da wuri in gaya mashi. Ban da Juma'a.